Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Shawara Ga Masu Neman Aikin Zanen Gine-gine

 A cikin wasiƙun da suka iso mana makon jiya akwai ta wani saurayi daga Wushishi ta Jihar Neja, wanda ya gama karatun zanen gine-gine a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, ya kuma sauke nauyin bautar ƙasa. Ya ce ya aika da takardun neman aiki ofisoshi da dama a Abuja da Kaduna, kowace takarda kuwa sai ya haɗa ta da kundin zane-zanensa mai shafi 60 da 'yan kai, amma har yau shiru kake ji. Tambayarsa ita ce, shin ƙara wa kundin shafuka zai yi, ko kuwa dai aikin nan ba ya samuwa sai da sanayya?

Da yake matsalar ba tasa ba ce shi kaɗai, mun ga ya kamata mu amsa masa a bainar jama'a, domin 'yan'uwansa da ke fitowa kowace shekara daga Minna da Bida da Zariya da Kano su ma su amfana. Ba mu musun cewa sanayya tana aiki a ƙasar nan. Amma ofishin mai zanen gini mai zaman kansa da aikin hannun ma'aikatansa yake cin abinci, saboda haka ko ɗan wane ne kai, in ba za ka iya fitar da zanen da birkila zai yi gini da shi ba, kai nauyi ne a kan mai ofis. Amsarmu a taƙaice ita ce: ɗan'uwa, rage kundin nan, ka bar abin da hannunka ya yi da gaske, ka kuma sa garinku a ciki.

Mene ne amfanin kundin?

Ga wanda bai san wannan sana'a ba, bari mu yi ɗan bayani. A galibin ayyuka, mai nema yakan miƙa takardar shaidar ilminsa da tarihin karatunsa, shi ke nan sai jiran kira. Mai zanen gini kuwa tilas ne ya ƙara da wani ɗan littafi da ya tattara zaɓaɓɓun zane-zanensa a ciki, domin takardar shaida iyakarta ta nuna ya ci jarrabawa, ba ta nuna yadda yake tunani ko yadda hannunsa yake faɗawa a kan takarda.

Wannan kuwa tsohuwar al'ada ce a wurinmu, sutura kurum ta sake. Magina na da ba su da takarda, ginin da suka tayar shi ne shaidarsu. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kuma duk wanda ya ɗaga kai ya dubi bakan gizon da ke riƙe da rufin nan ba ya bukatar a gaya masa ko wane ne maginin. Haka Alhaji Falke Barmu na garin Yama a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wanda ya soma ginin masallacin garinsu da ƙasa a 1962, masallacin da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Gani ya kori ji. To, saurayin da ya fito daga makaranta jiya ba shi da soro ko masallacin da zai kai mai ofis ya gani, saboda haka kundin nan shi ne yake tsaya masa a matsayin ginin. Duk abin da ba zai zama shaida a kan gwanintarsa ba, ba shi da gurbi a ciki.

Dalilin taƙaitawa

Ka tuna da wanda zai duba kundin. Mutum ne mai aiki a gabansa, ɗan kwangila yana jiransa a filin gini, mai gida yana bugo masa waya, ga kuma takardun masu neman aiki sun taru. Sau da yawa ma a kan wayar hannu zai buɗe naka, yana cikin mota ko yana jiran a shiga taro. In shafuka 3 na farko ba su riƙe shi ba, ba zai kai na 4 ba, balle na 60. Bugu da ƙari, yawan shafuka yana gaya masa wani abu game da kai wanda ba za ka so ba, watau ba ka iya bambanta aikinka mai kyau da mara kyau ba. Alhali kuwa zaɓe shi ne rabin wannan sana'a: wace taga za a buɗe, wace za a toshe, ina za a kashe kuɗin mai gida, ina za a tsimi.

Shawararmu ita ce kundin neman aiki kada ya wuce shafi 10 zuwa 15, ayyukan da ke ciki kuma 4 ko 5. Babban kundin da ya ƙunshi kome da kome a ajiye shi a gida, in an kira ka ganawa sai ka tafi da shi, ko za a nemi ƙarin bayani. Aikin da ya fi kowanne kyau shi za a sa a gaba, ko da kuwa ba shi ne na ƙarshe da ka yi ba. Wanda ke bi masa a kyau a sa shi a ƙarshe, domin mai dubawa ya rufe kundin da ɗanɗano mai daɗi a bakinsa.

Ayyukan da za a zaɓa

Na farko shi ne babban aikin da ka kammala karatu da shi. Kada ka cika shafukansa da hotuna masu launi na waje kurum. A nuna taswirar filin da kibiya mai nuna arewa, da taswirar ɗakuna, da fuskar ginin, sa'an nan da zanen da ke nuna shi kamar an yanka shi daga rufi zuwa harsashi yadda ake yanka kabewa. Wannan zanen yanka shi ne ke tona asirin mai zane, don a cikinsa ake ganin ko ya san tsawon ɗaki, da yadda rufi ya zauna a kan bango, da inda iska mai zafi za ta fita, da inda ruwan sama zai sauka. Kowane zane a rubuta ma'auninsa, 1:100 ne ko 1:50, a kuma zana ɗan sandan awo a ƙarƙashinsa, saboda in an ƙanƙanta shafin a kan waya lissafin ya rushe, sandan ne zai ci gaba da faɗin gaskiya.

Na biyu shi ne cikakken zanen aiki, irin wanda ake miƙa wa birkila da kafinta, wanda ka yi lokacin da makaranta ta tura ka koyon aiki ko lokacin bautar ƙasa. Wannan shi samari suka fi rainawa saboda ba shi da launi, shi ne kuwa mai ofis ya fi ƙura wa ido, domin irinsa za a ɗora maka tun ranar Litinin ta farko. A nuna bangon bulo mai inci 9 da mai inci 6 kowanne a inda ya dace, da jerin ƙofofi da tagogi da awonsu, da matakalar bene wadda tsoho zai iya hawa ba tare da haki ba, da zane guda mai ma'aunin 1:20 ko 1:10 wanda ya nuna yadda linta ko bakin rufi ya haɗu da bango. Amma fa ka nemi izinin ofishin da ka yi aikin kafin ka sa shi, ka kuma goge sunan mai gida da adireshinsa. Wanda ya baza asirin gidan wani a kundinsa, mai ofis ya san gobe na abokan cinikinsa zai baza.

Na uku shi ne shafi 1 ko 2 na zanen fensir da hannu. Ofisoshi a yau da kwamfuta suke aiki, kuma ya wajaba ka faɗi waɗanda ka iya cikin AutoCAD da Revit da SketchUp. Duk da haka a filin gini, in birkila ya kasa gane abin da ake nufi, fensir da bayan buhun siminti su ne ke raba gardama.

Na huɗu, in akwai, shi ne wani abu da aka gina da zanenka, kome ƙanƙantarsa: shago, ko aji guda, ko makewayin makaranta, ko katangar gidan kawunka. A sa hotonsa ana tonon harsashi, da hotonsa an kai linta, da hotonsa an gama, a kuma faɗi wahalar da aka ci karo da ita da yadda aka warware ta. Shago guda da ya tsaya a kan ƙasa ya fi otal mai hawa 30 da ke cikin kwamfuta nauyi a ma'aunin masu sana'a.

Abin da ke ƙofar gida

Na biyar shi ne wanda muka fi so mu ja hankali a kansa. Yawancin kundayen da samarinmu ke haɗawa kamanninsu ɗaya: dogayen benaye na gilashi irin na Dubai, da motocin alfarma a gabansu, da Turawa suna yawo a ƙarƙashin itatuwan da ba sa tsirowa a ƙasar nan. Mai ofis ya ga irinsu har ya gaji. Abin da bai gani ba shi ne abin da ɗan Wushishi ya sani wanda ɗan Legas bai sani ba.

Dubi abin da ke cikin ƙaramar hukumar Wushishi kaɗai. Zungeru ita ce hedkwatar mulkin Turawa ta Arewa daga 1902 har aka mayar da ita Kaduna a 1917, kuma har yau akwai kufan gine-ginen zamanin Gwamna Lugga a can. A 1901 aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo tsakanin Wushishi da Zungeru, wanda shi ne na farko a Arewa, domin ɗaukar kayan da jiragen ruwa suka hauro da su ta kogin Kaduna, kuma an adana kan jirgin a Minna. Ga zaurukan ƙasa na tsofaffin gidaje a cikin gari, ga rumbunan Gwarawa da na Nufawa a ƙauyuka, waɗanda aka ɗaga su daga ƙasa saboda laima da gara. Saurayin da ya ɗauki tef ɗin awo da littafi ya tafi ya auna guda daga cikin waɗannan, ya zana shi daidai da ma'auni, ya nuna kaurin bangonsa da yadda aka jera azara da inda indararo ke zubar da ruwa, da kuma inda ginin ya soma lalacewa da dalilin lalacewar, to ya nuna haƙuri da lura da iya awo a shafi 2 kacal. Ba ƙaramin aiki ba ne wannan. Zbigniew Dmochowski, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya shafe shekaru masu yawa yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, aka buga aikinsa cikin littattafai 3 a 1990 bayan rasuwarsa, kuma da irin wannan awo aka tayar da kwaikwayon masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. In baƙo daga Turai ya ga darajar abin, bai kamata ɗan gida ya ji kunyarsa ba.

Sa'an nan ga yanayin ƙasar. Ɗan Wushishi ya san zafin watan Maris da na Afrilu a cikin ɗakin kwano mara silin. Ya san hadari daga gabas yake tasowa, ya san ƙurar hunturu, ya kuma san yadda kogin Kaduna yake cika ya malala cikin fadamu a ƙarshen damina, ga madatsar ruwa ta Shiroro da ta Zungeru a samansa. Ambaliyar da ta afka wa Mokwa a watan Mayu na 2025, wadda ta ci rayuka fiye da 150, ta nuna wa kowa cewa inda aka kafa gida da hanyar da aka bar wa ruwa batu ne na rai da mutuwa. Saboda haka in ka zana asibitin karkara ko makaranta ko kasuwar shinkafa don garinku, nuna cewa dogayen bangayen sun fuskanci kudu da arewa domin rana ta gabas da ta yamma kada ta dafa ɗakunan, nuna baranda mai faɗi, da tagogi masu kallon juna don iska ta ratsa, da daɓen da aka ɗaga sama da inda ruwa ya saba kaiwa, da magudanar da za ta kwashe ruwan rufi. Mai ofis da ya ga haka ya san ya sami wanda yake tunani kafin ya ja layi.

Kada wani ya ce wannan aikin ƙauye ne wanda ba ya kai mutum ko'ina. Francis Kéré ɗan ƙauyen Gando ne a Burkina Faso. Yana ɗalibi a Jamus ya zana wa ƙauyensu makarantar firamare ta tubalin ƙasa, mai rufin kwano da aka ɗaga sama don iska ta wuce ta ƙarƙashinsa, aka gama ta a 2001. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan sana'a a duniya. A nan kusa kuma, Mariam Issoufou ta Jamhuriyar Nijar, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, sun mayar da tsohon masallacin garin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa, aka kammala a 2018, aikin ya yi suna har ƙasashen waje. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Gaskiya a cikin kundi

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Zanen ɗaurawa suke nufi, amma maganar ta zauna daram a kan zanen takarda. A yau abu ne mai sauƙi mutum ya kwaso aikin wani daga intanet ya manna sunansa, ko ya umarci kwamfuta ta ƙaga masa hoton gini mai ban sha'awa cikin minti guda. Masu ofis sun san da haka sarai, shi ya sa hoto mai ƙyalli ya rage daraja a idonsu. Tambaya 2 ko 3 a wurin ganawa sun isa su kware zanen: ina ginshiƙin da ke ɗauke da wannan bene, ta ina mai keken guragu zai shiga, in gobara ta tashi ta ina jama'a za su fita? Wanda bai zana da hannunsa ba nan take zai soma kame-kame, kuma masu wannan sana'a ba su da yawa, sun san juna, labari ba ya daɗewa bai zagaya ba.

Haka nan aikin da kuka yi ku 5 a makaranta, ko wanda ka taimaka a kai a wani ofis, sai ka rubuta a ƙarƙashinsa cewa aikin haɗin gwiwa ne, ka faɗi ɓangaren da ya fito daga hannunka. Wannan ba ya rage ka da kome, yana ma nuna ka iya aiki da mutane. Kuma kada ka yi gaggawar liƙa wa kanka laƙabin da ba ka kai ba. Tun da aka kafa hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta ƙasa, watau ARCON, da Doka ta 10 ta 1969, wanda ta yi wa rajista ne kaɗai doka ta yarda ya kira kansa cikakken mai wannan sana'a, rajistar kuwa sai bayan digiri na biyu, da koyon aiki a ƙarƙashin mai rajista, da cin jarrabawar ƙwarewa. Rubuta matakin da kake a kai yadda yake.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. Ƙaryar magini mutane ne ke kwana a ƙarƙashinta. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas a watan Nuwamba na 2021 ya hallaka fiye da mutum 40, ginin makarantar da ya rufta a Jos a watan Yuli na 2024 kuma ya ci rayuka 22, galibinsu yara 'yan makaranta. Mai ofis na kirki yana neman wanda in ya ce ya auna, to ya auna ɗin, in kuma bai sani ba zai ce bai sani ba. Daga kundin yake soma gane haka.

Yadda za a aika

A haɗa kundin wuri guda a matsayin PDF, a matse shi kada nauyinsa ya wuce megabait 10, domin wanda ya fi haka yakan ƙi buɗuwa inda intanet ba ta da ƙarfi, ba kuwa wanda zai ƙona datarsa saboda baƙon da bai sani ba. Sunan fayil ɗin ya zama sunanka. A shimfiɗa shafukan a kwance, rubutu iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, bayanin kowane aiki kada ya wuce layi 4 ko 5: mene ne, a ina, wace shekara, wace matsala aka so warwarewa, mene ne naka a ciki. A bar fili a shafi, kada a cunkusa zane a kan zane kamar kayan koli. Kafin ka aika, buɗe shi a kan waya ka ga ko rubutun yana karantuwa, ka kuma kai wa wani malaminka ko wani babba a sana'ar ya duba, ka roƙe shi ya nuna maka shafin da ya fi rauni, ka cire shi ko da kuwa ka yi kwanaki ba barci a kansa.

Wasiƙar da za ta raka kundin shafi 1 ta isa. Ka binciki ofishin tukuna, ka san irin aikin da suke yi. Wanda ya fi yin gidajen kwana sai ka gabatar masa da gidaje, ma'aikatar ayyuka ta jiha kuwa makarantu da asibitoci ne a gabanta. Wasiƙa guda da aka aika wa ofisoshi 40 a lokaci ɗaya, kowa yana ganin adireshin ɗan'uwansa, ba ta samun amsa. In an kira ka, buga kundin a takarda mai girman A3, ka tafi da fensirinka.

Daga ƙarshe muna kira ga manyan wannan sana'a da ke Minna da Abuja da Kaduna, da ƙungiyarsu ta ƙasa wadda aka kafa tun 1960, su riƙa amsa wa yaran nan ko da da layi 2 ne, su nuna musu inda suka gaza, domin shirun da ake yi musu shi ke sa su zaci yawan shafuka ne magani. Malaman jami'o'i da na kwalejojin fasaha kuma ya kamata su tura ɗalibai garuruwansu lokacin hutu su auno tsofaffin gine-gine kafin damina da bulo su gama da su. Iyaye su ma in sun ga ɗansu mai digiri yana tsugune a gindin rumbu da tef a hannu, kada su ɗauka karatun ne ya lalace, aikin ke nan yake yi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba tambayoyin da akan yi wa mai neman wannan aiki a wurin ganawa, da yadda ake maganar albashi ba tare da an zubar da mutunci ba. Mu kwana nan.